Maɗin da Juying Ta Dafa Mini

Shen Juying ta rasu kwana talatin da ɗaya da kamawar sanyi. Na riƙe lissafin ne saboda takardar da ta manna mini a bangon kicin, mai zanen reshe da furanni tara, kowane fure da ganye tara. Daga ranar Dongzhi, ranar da yini ya fi gajarta, kullum a shafa wa ganye ɗaya ja. In an cike tamanin da ɗaya, hunturu ya wuce. Ashirin da uku na farko ita ta shafa da hannunta.

Ban yi kuka ba ran da ta rasu, har yau kuma ban yi ba. 'Yarta ta ce in rubuta abin da na sani game da uwarta. Ni ba mai dogon karatu ba ce, shekara talatin na yi a gaban injin saƙa. Abin da na sani shi zan faɗa.

Shekara arba'in da ɗaya muna lungu ɗaya a bakin ruwa, a nan Wuxi, ƙofa huɗu tsakaninmu. Ina amarya na fara ganin ta, a layin ɗibar ruwan zafi, kowa da filas ɗinsa. Wani wari ya cika mini hanci, ɗaci-ɗaci, zaƙi-zaƙi, kamar an ƙona saiwa da sukari. Na ce da ƙarfi, "Wa ya zubar da magani a nan?"

Wata gajeriyar mace a gabana ta waiwayo. "Ni ce maganin. Matso kusa, amarya, ki shaƙa. Yau kyauta ne."

Duk layin aka kwashe da dariya. Kunya ta sa na koma gida da filas ba ruwa. Da yamma sai ga ta a ƙofarmu da nata filas ɗin a cike. Ta girme ni da shekara biyu, tun ranar nake ce mata Yaya. Ita kuwa ba ta taɓa kira na Lindi ba sai in rai ya ɓaci. Amarya take ce mini, har na yi furfura.

Iyayenta mutanen jirgin ruwa ne, masu dakon yashi. Tana da shekara goma sha shida aka kai ta tsohon shagon magani na gindin gada. Ba a gaba aka sa ta ba, inda ake jan akwatuna ana auna saiwoyi. A baya aka sa ta, wurin tukwane. Nan ta yi shekara talatin da huɗu tana dafa maɗin hunturu.

Kowa a garin nan ya san maɗin. Kafin sanyi ya kama za ka je likita ya taɓa jijiyar hannunka, ya duba harshenka, ya rubuta maka doguwar takarda. A jiƙa magungunan yini guda, a dafa sau uku, a tace, sannan a yi ta juyawa a tukunyar tagulla har ya yi baƙi ya yi kauri. Ka riƙa shan cokali ɗaya kowace safiya har bazara ta shigo. Tukunya ɗaya, mutum ɗaya. Ba a haɗa na mutum biyu, ba a kuma shan na wani, ko da mijinka ne.

Kowace tukunya akwai ɗan katakon gora a ɗaure da sunan mai ita. Juying ba ta iya karatu sosai ba, amma daga warin tukunya ta san wanda ba ya samun barci, da wadda ke neman haihuwa, da wanda baƙin ciki ya zauna masa a ciki. Rabin sirrin garin nan ya bi ta ƙarƙashin muciyarta. Ban taɓa jin ta faɗi na mutum ɗaya ba, ni kuwa na sha tambaya.

Hannayenta daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon ƙuna ne, ƙanana, kamar an watsa mata riɗi. In maɗi ya kusa nuna tsalle yake yi. Kuma duk sanin da ta yi, ba ta taɓa gaya wa wani ya sha kaza ba. Maƙwabta su tare ta da ciwon baya, da tari, da rashin cin abinci. Sai ta ce, "Ni muciya ce, ba likita ba. Kun taɓa ganin muciya ta taɓa jijiya?"

Mijinta, Tsoho Dai, direban motar haya ne, mutum shiru-shiru. 'Yarsu ɗaya, tana aure a Shanghai. Da Juying ta yi ritaya, shagon ya ba ta ƙaramar tukunyar tagulla guda da muciyarta. Duk shekara ta dafa biyu a gida, nata da na Dai.

A kakar bara mijina, Tsoho Pu, ya faɗi a bakin ƙofa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti komai ya dawo kaina: ɗagawa, juyawa, wanka, ciyarwa, ƙwayoyinsa sau uku a yini, motsa masa hannu da ƙafa kamar yadda aka koya mini. Ɗanmu yana aiki can kudu, a Shenzhen, sai waya. Gidajenmu kuwa kun san su, sanyi mai laima ne, ciki ya fi waje. Na rame. Hannuwana suka daina ɗumi. Wata safiya ina tsaye gaban murhu na ga duhu, sai farkawa na yi a ƙasa, kunun shinkafa ya ƙone.

Ɗanmu ya ji labari. Ya ce a waya, "Mama, in kika sake faɗuwa, gidan kula da tsofaffi zan kai Baba. Ba zan rasa ku biyu ba."

Pu yana jin mu. Da na ajiye wayar ya kama rigata da hannunsa mai lafiya. Da ƙyar ya haɗa kalma ɗaya. "Kar."

Na ce masa ba inda za a kai shi. Ya rage gare ni in tsaya da ƙafata har sanyi ya wuce, domin likitan asibiti ya ce in an yi haƙuri, da ɗumi ya shigo mai yiwuwa ya fara takawa.

Washegari Juying ta shigo ba sallama, tana jan Dai da akwatin daransa. Ta zaunar da shi gefen gadon Pu.

"Ku yi wasanku. Kai Pu, da hannun hagu ma za ka cinye shi, bai iya komai ba." Ta juyo kaina. "Ke kuma sa takalmi."

"Yaya, ina za ni in bar shi?"

"Dubi fuskarki, kamar awarar da ta kwana. In kika mutu wa zai share masa hanci? Ni? Sa takalmi."

Wurin Likita Weng ta kai ni, tsohon da suka yi aiki tare a shagon. Ya ɗora yatsu uku a hannuna na dama, ya koma na hagu, ya ce in fito da harshe. Ya ce jinina ya yi ƙaranci, cikina ya yi sanyi, damuwa kuma ta ƙulle ni. Ya ce ba za a fara da maɗi ba. Jikin da ya toshe ba ya karɓar abin ƙarfi, sai an buɗe masa hanya. Ya ba ni maganin buɗe hanya na sati biyu, mai ɗaci. Da na koma ya sake taɓawa, ya gyaɗa kai, ya rubuta doguwar takardar, abu talatin da biyu.

Zan miƙa wa masu shagon, Juying ta fizge.

"Yaran nan masu injin? Su danna maɓalli su tafi shan taba? A'a. Ni zan dafa."

Likita Weng ya cire tabarau ya dube ta. Ya ce, "Juying." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ta ce, "Weng, rubutu naka, wuta tawa."

A lokacin ban fahimci kallon da ya yi mata ba.

Kwana uku ta yi tana aikin. A rana ta uku Dai ya zauna da Pu, na je na same ta. Kicin ɗinta ya cika da tururi, tagogi na zubar da ruwa. Ta riga ta tace ruwan maganin, ta zuba ƙaron fatar jaki da ta jiƙa a giyar shinkafa, da dunƙulen sukari, da jar magarya, da baƙin riɗi. Tana juyawa da muciyar gora, gefe ɗaya kullum, tana goga ƙasan tukunyar.

Na ce, "Kawo in taya ki."

"Ki taɓa muciyar nan in karya miki yatsa. Zauna ki kalla."

"Tun yaushe kike tsaye?"

"Tun kina munshari."

Can ta rage wuta. Kumfa ta fara tashi manya-manya tana fashewa a hankali. Ta ɗaga muciyar a kwance ta ce in duba. Maɗin ya ɗiga, ɗis, ɗis.

"Da saura. Wannan hawaye ne. Ba hawaye muke so ba, tuta muke so."

Ta ci gaba. Bayan kamar rabin awa ta sake ɗagawa. Wannan karon bai ɗiga ba. Ya sauko daga bakin muciyar a shimfiɗe, siriri, mai kusurwa uku, ya tsaya yana lilo, hasken taga na ratsa shi.

"Kin gani? Ta rataya. Minti ɗaya kafin haka, zai yi fumfuna. Minti ɗaya bayan haka, ya ƙone. Shekara talatin da huɗu, wannan minti ɗayan kaɗai na koya."

Na duba kusurwar da take ajiye tuluna, na ga guda biyu ne a kife, nawa da na Dai. Na ce, "Naki fa, Yaya?"

"Bana hanyata ba ta buɗe ba tukuna. Weng ya ce in ci gaba da mai ɗacin."

Na ce to. Ba wanda zai yi mamakin wannan magana a garin nan. Wani sati biyu hanyarsa ke buɗewa, wani wata guda, wani ma a ce bana ya haƙura. Na ga ƙoƙon magani a kan teburinta, na ɗauka shi ne. Na ga ta zauna sau biyu tana cikin juyi, ita da ba ta taɓa zama a gaban tukunya ba. Na ga wandonta ya yi mata yawa. Na ga farin idonta ya sauya, na ce tururi ne. Duk na gani. Kaina yana wurin ko Dai ya tuna ba Pu ƙwayar rana.

Ran Dongzhi ta kawo tulun, na farin tangaran, ta ɗora a tagar arewa. Ta hana ni sa shi a firji, wai zai ɗauki ƙarnin kifi. Ta manna takardar furannin. Sannan ta tsaya tana lissafa mini da yatsu: cokali ɗaya a ruwan ɗumi kafin in ci komai. Ban da shayi mai kauri. Ban da miyar lobo, farin kayan lambun nan mai kama da karas, tana wanke ƙarfin saiwa. In mura ko zazzaɓi ya kama ni, in dakata. Da yamma in jiƙa ƙafa a ruwan zafi da tazargade da citta, in rufe wuya, in kwanta da wuri.

"Kuma cokali busasshe. Kin ji ni? Ɗigon ruwa ɗaya ya shiga tulun nan, ya gama."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Na san ki. Ke da kike wanke kwano ki kife shi a kan ɗan'uwansa."

Ba ta yarda da ni ba. Kowace safiya ƙarfe bakwai sai ga ta da cokalinta na tangaran, a naɗe cikin ƙyalle, a aljihun rigar sanyi. Ta goge shi sau biyu, ta ɗebo, ta dama, ta tsaya a kaina har in shanye. Ta shafa wa ganye ɗaya ja. Sannan ta leƙa ɗakin Pu.

"Mai gida, har yanzu kana kwance? Wannan ba ciwo ba ne, lalaci ne. Tun kana saurayi nake ganin alamarsa."

Pu ya yi ta ƙoƙari har ya fitar da, "Mayya."

"Yauwa! Amarya, kin ji? Baki ya fara dawowa. Gobe zagi biyu nake so."

Na taɓa tambayarta ko maɗin nan zai warkar da ni. Ta ce, "Ba ya warkar da komai. Riƙe mutum yake yi, kamar yadda ake tokare bango kafin magini ya zo. Ƙwayoyin Pu kuma kar ki kuskura ki fasa ko ɗaya."

A tara ta biyu, wato fure na biyu, na fara barci. A ta uku, da sanyi ya kai matuƙa har bakin ruwa ya daskare, na lura ina ɗaga Pu ba tare da ganin duhu ba. Ko maɗin ne, ko ƙafar da nake jiƙawa, ko kuwa dai sanin cewa ƙarfe bakwai wani zai turo ƙofa, ban sani ba.

Rana ta ashirin da huɗu Dai ne ya turo ƙofar. Ya miƙo mini cokalin a ƙyallensa.

"Ta ce ki riƙe."

"Ina take?"

Ya dubi ƙasa. "Asibiti. Tun watan takwas aka gaya mata. A hanta yake, ya riga ya bazu. Ta hana ni faɗa."

Sau ɗaya na samu zuwa ganin ta, da rana, Dai ya karɓe ni a wurin Pu. Ta koma kamar yarinya a cikin gadon. Jikinta duk ya yi rawaya. Abin da na fara lura da shi, warin babu. Warin asibiti kawai take yi.

Ta buɗe ido. "Kin sha na yau?"

"Na sha."

"Busasshe?"

"Busasshe. Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya miki da kin raba kanki biyu, rabi Pu, rabi ni. Ke da ko ɗaya ba ki cika ba."

"Kika tsaya awa tara a kan wuta."

"Takwas da rabi. Kar ki ƙara mini." Ta huta. "Ya yi kyau kuwa. Cikin waɗanda na dafa duka, yana cikin uku na sama. Ki shanye shi tas, Lindi."

Na riƙe hannunta mai tabo. Na ce to. Na zauna ina kallon ruwan da ke ɗiga a roba har lokacin komawa ya yi.

Ranar da aka ƙona gawarta na je, na ci abincin awara na zaman makoki tare da mutane, na gaisa da wanda ya kamata. Mata suna ta kuka. Ni ina jin kamar na tsaya a bayan gilashi. Ina ta tunanin ban kwashe shanya ba.

Washegari ƙarfe bakwai na tashi kamar kullum. Na ga cokalin da ɗan maɗin jiya a jikinsa, na wanke a famfo, na buɗe tulu, na tsoma. Sai da ya nutse na ga ruwa na bin ƙotarsa. Na tsaya ina kallo. Ban ji komai ba. Na sha na ranar. Sannan na leƙa cikin tulun, na ga ya wuce rabi, ga sawun cokalinta a gefe, inda take bi tana kankarewa don kada ya ɓaci. Sai na ga ashe kullum rage ta nake yi. Duk abin da ya saura a duniya da ya fito daga hannunta yana cikin tulun nan, ni kuma ina cinye shi cokali-cokali.

Na rufe. Na naɗe cokalin. Ban sake taɓa tulun ba, ban sake shafa ganye ba. Ruwan ƙafa ma na daina dafawa.

Kwana goma sha tara aka yi haka. Ina yin komai na Pu, ba na fasa ko ɗaya. Ni dai ba na jin yunwa, ba na jin sanyi, ba na jin daɗin komai. Sabuwar shekararmu ta gargajiya ta zo, ana ta harba tartsatsi a lungu. Ɗanmu ya zo kwana uku. Ya dube ni ya dubi uban. Da zai tafi ya ja ni waje.

"Mama, na je na ga wani gida, yana da tsabta. Zan dawo da bazara, lokacin sharar kabari ta shekara-shekara. In na same ki haka, da Baba zan tafi. Kar ki ce ban faɗa ba."

Na ce to. Shi ma to ɗin na ce masa.

Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki, ina ɗaga Pu daga gado zuwa kujera, duhun ya dawo. Muka zube tare. Sa'a ɗaya, a kaina ya faɗo. Muka daɗe a ƙasa, ni ban iya ɗaga shi ba, shi bai iya ɗaga kansa ba. Fuskarsa na dab da tawa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofar kicin.

"Tulu," ya ce. Ya sake haɗa ƙarfi. "Mayya... ta ce."

Da na samu na mai da shi kujera, na je na buɗe. Fumfuna ta fito a sama, fara da kore, tabo huɗu, babban yana daidai inda na tsoma jiƙaƙƙen cokali. Ɗumi ya fara shigowa. Ashe ajiyewar ma ba ta ajiye shi ba.

Na roƙi maƙwabciya ta zauna da Pu, na rungumi tulun na tafi gidan Dai. Na same shi da rigar sanyi a cikin ɗaki, yana cin taliya daga tukunya a tsaye. Ya leƙa ya daɗe.

"Jiƙaƙƙen cokali?"

"Jiƙaƙƙe."

"Kai. Da tana nan, yau da ba wanda zai zauna lafiya a lungun nan." Ya goge baki. "Ni ba ni da ta cewa. Gawayi kawai nake kawo mata. Mu je wurin Weng."

Likita Weng ya sa tsinke mai tsabta ya soka har ƙasa, ya shinshina, ya duba a haske. Ya ce da ta shiga ciki da sai zubarwa, ba wata magana. Amma ta tsaya a sama, domin an dafa shi yadda ya kamata. A kwashe kaurin yatsa biyu a zubar, a sake dafa sauran har ya nuna, a ƙona tulun da tafasasshen ruwa a shanya. Ya kama hannuna ya taɓa.

"Kin koma inda kika fito. Takardar dai har yanzu taki ce." Ya saki hannun. "Na ce mata kar ta tsaya a kan wutar nan. Ta ce in ta ba yara suka ɓata, ba ta da wata shekarar da za ta gyara. A kawo nan a dafa miki?"

Dai ya riga ni amsawa. "Tukunyarta na nan."

A kicin ɗina muka yi, washegari da hantsi. Dai ya kawo tukunyar tagulla da muciyar. Muka turo kujerar Pu bakin ƙofa. Na kwashe saman na zubar. Na juye sauran, na ƙara ɗan ruwan zafi kamar yadda Weng ya ce. Na miƙa wa Dai muciyar.

Ya ɓoye hannu a baya. "Shekara arba'in da uku ban taɓa ta ba. Ke aka ce ki zauna ki kalla."

Ƙotar muciyar ta lotsa a wuri biyu, daidai yatsunta. Hannuna ya fi nata girma, bai zauna daidai ba. Na fara juyawa, gefe ɗaya, ina goga ƙasa. Dai yana kula da wuta. Da ya yi zafi sai warin ya tashi, ɗaci-ɗaci, zaƙi-zaƙi, ya cika kicin, ya fita lungu. Dai ya tashi ya fita waje, ya jima, ya dawo idonsa ja. Ni ina juyawa. Maɗin ya yi tsalle ya ƙone ni a wuyan hannu, ban tsaya ba.

Na ɗaga muciya. Ɗis, ɗis.

"Saura," in ji Pu daga bakin ƙofa.

"Kai kuma a ina ka koya?" in ji Dai.

Na ci gaba. Kafaɗata ta fara ciwo, ban fi awa ɗaya a tsaye ba. Na sake ɗagawa, hawaye ne har yanzu. Tsoro ya kama ni kar in wuce mintin nan nata, kuma shi ne abu na farko da na ji a raina tun ran da ta rasu. Kumfa ta yi manya. Na ɗaga karo na uku. Ya sauko a shimfiɗe, ya tsaya. Tutar ba ta kai tata ba, gajeriya ce, gefe ɗaya ya fi kauri. Amma ta rataya.

"Kashe wuta," na ce wa Dai. "Kashe, kashe!"

Abin da ya saura cokali ashirin da biyu ne. Na shanye su, ɗaya kowace safiya. Dai ne ya koma turo ƙofa ƙarfe bakwai, wai ya zo duba cokali, alhali kunun shinkafa yake zuwa sha, ni ma na fi so ya sha a nan. Na koma jiƙa ƙafa. Na koma shafa ganye daga inda kwanan ya kai. Na kwanakin da na rufe tulun na bar su fari, ban cike ba. Na ƙarshe da na kankare daga gindin tulu bai cika cokali ba. Na zuba ruwan ɗumi na ɗauraye na shanye.

Ɗanmu ya zo lokacin sharar kabari. Ya same ni ina shanya barguna a igiya. Ya shiga ya sami ubansa a tsaye, ya dafa tebur da hannun hagu, yana zagin Dai a kan dara. Ya kwana biyu ya koma. Bai ta da maganar gidan nan ba, ni ma ban tambaya ba.

Tulun yana tagar arewa, a wanke, a kife. In na sa hanci har yanzu akwai ɗan wari, yana raguwa. Tukunyar tagulla Dai ya ce in riƙe. Ban san me zan yi da ita ba.

Mun je kabarinta ni da Dai da 'yarta. Suka share, suka ajiye abinci, suka ƙona mata kuɗin takarda kamar yadda ake yi wa mamaci, suka matsa gefe suka bar ni. Na tsaya gaban hotonta, wanda aka ɗauka ran ritayarta, ta ɗaure fuska don ba ta son hoto.

Na ce, "Yaya, na shanye. Pu ya tsaya da ƙafarsa." Sannan na ce, "Na tsoma jiƙaƙƙen cokali. Ya yi fumfuna. Kuma na taɓa muciyarki."

Na tsaya ina jiran faɗa. Na daɗe a tsaye, har 'yarta ta zo ta kama hannuna ta ce mota za ta tashi.